Cinikin 'Yan Wasan Kano Pillars: Da Wane Mudu Ake Yi Mana Awo?

Kowace shekara, da zarar alƙalin wasa ya busa usur na ƙarshe an rufe kakar wasanni, sai wata kaka ta buɗe wadda ba a buga ta a fili, watau kakar ciniki. A cikinta ne ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa suke sallamar waɗansu 'yan wasa su ɗauko waɗansu, a cikinta ne kuma gardama take yin zafin da ba ta yi ko da ran wasa, domin ran wasa akwai raga mai raba gardama, amma a kakar ciniki kowa gwani ne. Duk wanda ya zauna a teburin mai shayi a tashar Bici a irin wannan lokaci, ko ya ratsa ta majalisar samari a Badume ko Danzabuwa ko Saye, zai ji ana jera sunayen waɗanda Kano Pillars ta ɗauko kamar ana ƙirga kayan lefe: wannan daga Inugu, wancan daga Jos, wancan kuwa har Turai ya taka. Sa'an nan a rufe da cewa bana kam kofi ya zo gida.

Mu ma da "Sai Masu Gida" a bakinmu muka tashi, ba kuwa za mu fasa ba. Amma akwai abin da ya kamata ɗalibi da ma'aikacin gwamnati su tuna, wanda ɗan kallo yakan manta. Pillars ba dukiyar wani attajiri ba ce. An kafa ta a 1990, sa'ad da aka haɗe ƙungiyoyin WRECA da Golden Stars da Bank of the North suka zama ɗaya, kuma Gwamnatin Jihar Kano ce take ɗauke da nauyinta. Daga baitulmalin da ake gina aji da ɗakin shan magani, daga nan ake biyan mai tsaron gida. Manomin Bici wanda bai taɓa taka filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ba, yana da hannu a kowane ciniki daidai da mutumin Fagge da ba ya fashin kallo. To, tun da kuɗin na ƙananan hukumomi 44 ne, ba rashin kunya ba ne in mun nemi a nuna mana mudun da ake yi mana awo da shi. Mu dai a ganinmu an daɗe ana auna ciniki da girman sunan wanda aka ɗauko, alhali kuwa abin dubawa shi ne abin da zai rage a hannun ƙungiya in shekara ta zagayo.

Bari mu fara da kalmar da ta fi kowace yaudara a wannan kasuwa, watau "kyauta". Sau da yawa akan ji an ce an ɗauko wane kyauta, ma'ana kwantiraginsa da tsohuwar ƙungiyarsa ya ƙare, babu wanda za a biya kuɗin sayensa. Wannan 'yanci bai daɗe a duniya ba. A da, a ƙasashen Turai, ko wa'adin ɗan wasa ya cika ba shi da ikon tafiya sai sabuwar ƙungiya ta biya tsohuwar, har sai da wani ɗan Beljiyam mai suna Jean-Marc Bosman, wanda aka tare wa hanyar komawa wata ƙungiya a Faransa a 1990, ya kai ƙara, Kotun Turai ta ba shi gaskiya a watan Disamba na 1995. A 2001 hukumar FIFA ta sake dokokinta na ciniki, abin ya game duniya. Adalci ne, ba mu ja ba. Mutum ba akuya ba ne balle a bar shi ɗaure a turke bayan ya cika alkawarinsa. Sai dai kuɗin da ba a biya tsohuwar ƙungiya ba, ba aljihun mai saye yake komawa ba. Yana zurarewa ne ta albashi mai tsoka, da la'adar dillali, da gida da mota, da kuɗin sa hannu, wanda a nan gida kamfanin LMC, sa'ad da yake riƙe da gasar, ya hana shi saboda ya zame wa ƙungiyoyi bashin da ba sa iya biya. Ban da wannan ma, mai hankali ya tambayi kansa: in ɗan wasa gwani ne, matashi, mai ƙoshin lafiya, me ya sa masu shi suka zuba ido wa'adinsa ya cika? Ko dai sakaci suka yi, ko ya fi ƙarfin aljihunsu, ko kuwa sun ga abin da mai saye bai gani ba, a gwiwarsa ko a takardar haihuwarsa. Na farkon ne kaɗai arha.

Babbar matsalar kuwa ita ce, ƙofar da ake shigowa kyauta ta nan ake fita kyauta. A gasarmu ta Nijeriya yawancin abin da ake sanarwa kwantiragi ne na shekara ɗaya ko biyu. Idan yaro ya yi fice a kakarsa ta farko, kafin a gama yi masa kirari wa'adinsa ya kusa cika, dillalai sun kewaye shi, ƙungiyar da ta fito da shi ba ta da abin riƙe shi sai roƙo. Idan kuwa bai yi fice ba, a sallame shi a nemo wani. Ta kowace fuska dai, shekara na zagayowa sai a koma kasuwa da buhu wayam. Manomin ƙasar Bici ya san wannan hali sarai: akwai mai rumbu, akwai mai awo. Mai awo ma yana cin tuwo kullum, wata rana ma tuwonsa ya fi na mai rumbu laushi, amma kasuwa ce take yanke masa girman lomarsa, kuma ran da aljihu ya yi sanyi ba shi da abin da zai buɗe.

To, mu ɗora wannan mudu a kan cinikin da ya fi kowane amo a 'yan shekarun nan, watau dawowar Ahmed Musa. Sau uku ke nan yana zuwa Pillars, kuma ko da yake mutumin ɗaya ne, zuwan nan uku ba ɗaya ba ne.

A zuwansa na farko, kakar 2009/2010, yaro ne ɗan shekara 17 wanda sunansa bai yi nisa da Jos ba. Ya ci ƙwallaye 18, ya karya tarihin da Ishaya Jatau ya kafa da 17 tun 1990, Pillars ta ƙare ta biyu a bayan Enyimba. Kaka ɗaya tak ya yi. A 2010 ya wuce VVV Venlo ta Holan, daga nan sai CSKA Moscow ta Rasha a 2012, sai Leicester City ta Ingila a 2016, sai Al Nassr ta Saudiyya a 2018. A tsakanin nan ya jefa wa Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya jefa wa Aisilan biyu a ta 2018, abin da babu ɗan Nijeriya da ya riga shi yi. Mai karatu ya riƙe wannan zuwa na farko a ransa, za mu komo kansa da alƙalami da takarda, domin shi ne wanda ba a yi wa kiɗa ba, shi ne kuma ya fi sauran albarka.

Zuwa na biyu ya kasance a watan Afrilu na 2021. Ahmed ya rabu da Al Nassr tun Oktoban 2020, ya yi kimanin wata shida ba ƙungiya, yana bukatar inda zai motsa ƙafa kada gurbinsa a Super Eagles ya kuɓuce. Pillars kuwa a lokacin ko gida ba ta zaune, a Kaduna take karɓar baƙinta. An yi murna, jaridun duniya sun ambaci sunan Kano, kowa ya yi taƙama. A watan Yuli ya kama hanyar Turkiyya, wajen Fatih Karagümrük. Kofin wannan shekara Akwa United ta ɗauka. Kakar da ta biyo baya, a 2022, ƙungiyar da ta ci gasa sau huɗu ta faɗa ajin 'yan dagaji. Kada a yi mana mummunar fahimta, ba Ahmed ne ya jefa ta ba, ba ya ma ƙasar. Abin da muke cewa shi ne, wata uku na shagali sun ɗauke idon kowa daga katangar da take tsagewa. Wannan zuwa ya amfani ɗan wasa, ya ɗaga sunan gasar Nijeriya, ya faranta ran magoya baya, amma da aka buɗe rumbu a 2022 ba a tarar da abin da ya bari ba.

Zuwa na uku daban yake, kuma adalci ne a faɗa. Pillars ta komo babbar gasa a 2023. A Oktoban 2024 Ahmed ya dawo, a wasansa na farko ya zura wa Sunshine Stars biyu. Wannan karon ya zauna, ya bi ƙungiya har wasannin waje, ya ga ƙarshen kakar. A wannan shekara dai Shehu Abdullahi, wanda ya ci kofi da Pillars kafin ya fita waje ya samo wa Nijeriya tagulla a wasannin Olamfik na 2016, shi ma ya komo gida. Ga kuma Rabi'u Ali, Pele, ya haura arba'in yana bugawa kamar ba shi ba. Wanda ya ce wannan ciniki bai yi ba, a binciki zuciyarsa. Filin Ƙofar Mata ya cika, baƙi sun riƙa shigowa da shakka, kuma akwai wata riba wadda ba ta fitowa a teburin maki: yaro ɗan shekara goma sha tara da yake atisaye kowace safiya da mutumin da ya buga kofin duniya biyu, yana koyon abin da koci ba zai iya gaya masa da baki ba, yadda ake cin abinci, da yadda ake barci, da lokacin da ake gudu da lokacin da ake tsayawa a jira ƙwallo ta zo.

Amma mu yi lissafi. Ahmed haihuwar 1992 ne, Shehu 1993, Rabi'u kuwa ya girme su nesa. Ginshiƙai uku, babu wanda bai haura talatin ba. Kaka ta ƙare Pillars tana tsakiyar tebur, kofi ya tafi wajen Remo Stars. Ciniki irin wannan kamar takin zamani yake: yana tayar da shuka a damina ɗaya, ba ya zama iri, kuma amfaninsa duka ya dogara ga ko akwai shukar da zai tayar. Akwai ta kuwa. A Disamban 2023 wani matashi, Yusuf Abdullahi, ya ci biyar shi kaɗai a Gombe, Pillars ta taso da nasara 5 da 2. Irin wannan yaro, kafin ya gama kwance igiyar takalminsa ya kamata a ce an ajiye masa takarda mai dogon wa'adi da albashin da zai hana shi sauraron dillali. Ba a kiran 'yan jarida domin irin wannan sa hannu, amma idan za mu ba hukumar ƙungiya maki, a nan za mu fara dubawa kafin mu dubi hoton wanda aka ɗauko daga waje.

A watan Yuli na 2025 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya naɗa Ahmed Musa babban manajan ƙungiyar, alhali yana cikin 'yan wasanta. An yi ta sambarka. Mu dai, tare da girmamawa, hankalinmu bai kwanta da naɗin ba. Amfaninsa a fili yake: mutum ne da ya ga yadda ake tafiyar da ƙungiya a ƙasashe biyar, wanda in ya buga waya manyan kamfanoni za su ɗauka. Amma ku ma'aikata da kuka san tsarin ofis, ku gaya mana, ina aka taɓa yin ma'aikacin da da safe yake ƙarƙashin shugaban sashe, da yamma kuma yana cikin masu yanke makomar shugaban sashen? Kocin da ya ga manajansa ya gaji a minti na sittin, da wane hannu zai ɗaga allo ya fitar da shi? In an zo ɗauko ɗan gaba mai zafin gudu wanda zai gaje gurbinsa, wa zai ce a ɗauko, wa zai ce a dakata? Ba zargin mutumin muke yi ba. Ko waliyyi aka ɗora a kan kujerun nan biyu, an sa shi a tsaka mai wuya. Sa'an nan sayen 'yan wasa sana'a ce daban da buga ƙwallo, kamar yadda gwanin noma ba lalle ne ya zama gwanin fatauci ba.

Wanda yake so ya ga yadda ake gina ƙungiya ba sai ya yi nisa ba, tarihin Pillars ɗin kanta ya ishe shi. Ta ɗauki kofin gasa na farko a 2008 a hannun Kadiri Ikhana. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, kunnen doki 1 da 1 a gida, 2 da 2 a Alƙahira, ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta tsayar da ita. Sa'an nan ta jera kofi uku, 2012 da 2013 da 2014, biyun farko a hannun Muhammad Babaganaru, na ukun a hannun Okey Emordi. Koci ya sauya, ƙashin bayan ƙungiya bai sauya ba: Theophilus Afelokhai a raga, Rabi'u Ali a tsakiya, Gambo Muhammad a gaba, shekara da shekaru tare, har kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya ba sai ya ɗaga kai ba. Daga 2003 har zuwa 2015, sa'ad da Nasarawa United ta karya lagon, wasa 202 aka buga a gida ba a doke Pillars ba. Mun san akwai masu cewa tsoron 'yan kallo da sassaucin alƙalai suna da kaso a wannan tarihi. Ba mu ce babu ƙamshin gaskiya a zancensu ba, amma alƙalin gida ba shi ne ya ci mana biyu a Alƙahira ba.

Akwai kuma wani darasi a wasannin ƙarshe guda biyu na kofin ƙalubale. 'Yan gaba su ne suke cika kanun jarida, saboda haka su aka fi rububin saye. A 2018 Junior Lokosa na Pillars ya fi kowa cin ƙwallo a gasar, da 19. A wannan shekara, a wasan ƙarshe a Asaba, Pillars tana gaba da Rangers da ci uku ba ko ɗaya, aka rama duka ukun, aka doke ta a bugun fanareti. A 2019, a Kaduna, ta tashi babu ci da Niger Tornadoes, ta ɗauki kofin da fanareti 4 da 3. Kofin da ya kuɓuce ya kuɓuce ne da ƙwallaye uku a ragar abokan hamayya; wanda ya zo gida ya zo ne domin baya ta riƙe. Mai riƙe da jakar ciniki, kafin ya tambayi dillali wa yake da shi, kamata ya yi ya tambayi koci ina ramin yake.

Wannan tambaya ta ina ramin yake, ita ce ta fito da sunan wata ƙungiya a Amurka, a wani wasa da ba mu saba da shi ba, watau besbol, wanda ake jefo ƙwallo a make ta da kulki. A ƙarshen kakar 2001 manyan 'yan wasa uku na Oakland Athletics wa'adinsu ya cika suka tafi, babbansu Jason Giambi ya koma New York Yankees, wadda albashin 'yan wasanta ya ninka na Oakland wajen sau uku. Manajan Oakland, Billy Beane, bai nemi mai suna ya maye gurbin mai suna ba. Ya zauna da alƙaluma ya lissafa abin da mutanen nan suke kawowa, ya tsinto shi guntu-guntu a wajen 'yan wasan da kasuwa ta raina. A 2002 Oakland ta ci wasa 103 cikin 162, daidai da abin da Yankees ta ci, har da ashirin a jere. Masu ba da labarin sukan tsaya a nan, su manta cewa manyan masu jifanta uku, Hudson da Mulder da Zito, 'ya'yan gida ne da ta ɗauko daga makaranta ta horar da kanta. Wayon kasuwa ya yi aiki ne domin akwai rumbu a bayansa. Haka abin yake ga Remo Stars, ƙungiyar Kunle Soname da ke Ikenne a Jihar Ogun, mai filin kanta da makarantar horar da yara ta Beyond Limits: ta zo ta biyu a 2023, ta biyu a 2024, ta ɗauki kofi a 2025, duk a hannun koci ɗaya, Daniel Ogunmodede.

Akwai ramin da ba ɗan wasan da zai cike shi, kuma wannan namu ne, mu 'yan kallo. A kakar da Pillars ta faɗi a 2022 an zaftare mata maki saboda hargitsi a filin wasa. A Oktoban 2025, bayan kunnen doki 1 da 1 da Shooting Stars a Kano, waɗansu suka afka fili suka far wa alƙalai da baƙi. Hukumar gasa ta cire wa Pillars maki uku da ƙwallaye uku, ta ci ta tarar naira miliyan 9.5, ta kora ta Katsina ta riƙa karɓar baƙi a can. Ɗan gaba mai tsada yakan sha wuyar makonni kafin ya tara wa ƙungiya maki uku da a ce ba shi ba za ta samu ba, mu kuwa muka zubar da su a yammaci ɗaya. Kuɗin tsaro da na tafiya su ma cikin ciniki suke. Ba a manta da watan Maris na 2015 ba, sa'ad da 'yan fashi suka buɗe wa motar Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, 'yan wasa biyar suka ji rauni. Ɗan wasa mai zaɓi yana duba wannan duka kafin ya sa hannu.

Yanzu mu komo gida. Daga Kano zuwa Bici bai kai tafiyar awa ɗaya ba a kan titin Katsina. Ƙasa ce mai cunkoson jama'a, gari yana jin kiran sallar gari, kuma da wuya a sami ƙauyen da ba shi da fili a bayan firamare inda samari suke buga tamaula da la'asar, musamman in an kawar da gero da dawa da gyaɗa an sami sarari. Lokacin hutu da bukukuwan salla wani mai hali ya sa kofi, unguwa ta kara da unguwa, jama'a ta kewaye fili ba masaka tsinke. Haka yake a Tsanyawa da Kunci da Bagwai da Danbatta. Yaran nan suna da ƙarfi da numfashi, domin fartanya ta gina su. Abin da ba su da shi shi ne mai zuwa da littafi ya rubuta sunayensu. Mu a ganinmu la'adar da ake ba dillali ɗaya domin ya kawo ɗan shekara talatin, in an ba tsofaffin 'yan wasan Pillars biyu ko uku su zagaya waɗannan gasanni rani guda, abin da za su komo da shi ya fi.

Rubuta suna kuwa ba wasa ba ne, kuɗi ne, kuma a nan ne za mu cika alkawarin komawa kan zuwan Ahmed na farko. Dokar FIFA ta ce in an sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa kafin wa'adinsa ya cika, a cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Shekaru huɗun farko kowace tana da kashi 5 cikin 100 na wannan kaso, sauran takwas kowace tana da kashi 10. To, a 2016 Leicester ta biya CSKA wajen fam miliyan 16. Kason raino ke nan wajen fam 800,000, rabon shekara ɗaya ta ɗan sha bakwai kuwa wajen fam 80,000. Watau kaka ɗayan nan da yaro ya yi a Kano, bisa ga ƙa'ida, tana da hakkin wannan kuɗi shekara shida bayan tafiyarsa, a ciniki guda kawai daga cikin cinikayyar da aka yi a kansa, ba tare da an ɗaga ko tsinke ba. Sharaɗin ɗaya ne, rajista. FIFA tana bin takardar da take nuna inda aka yi wa yaro rajista shekara bayan shekara, har ma a 2022 ta buɗe ofishi na musamman domin biyan irin waɗannan kuɗaɗe. Ƙungiyar unguwa da ba ta yi rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha ba, ba ta kuma sa yaranta a littafi ba, ko ita ta saya wa yaro takalminsa na farko, a idon doka ba ta taɓa ganinsa ba. Wannan aiki kuwa ba ya bukatar gwanin ƙwallo. Aikin malamin firamare ne, da akawun sakatariyar ƙaramar hukuma, da ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bici, da mu da muke komawa gida hutu muna da biro a aljihu.

Pillars ma ta sani ba ita kaɗai ba ce a wannan gona. A 2025 Kano ta sami ƙungiya ta biyu a babbar gasa, Barau FC, ta Sanata Barau Jibrin mai wakiltar Kano ta Arewa, mazaɓar da Bici take ciki. Siyasar abin ba ta shafe mu ba a nan. Abin da ya shafe mu shi ne yaron karkara ya sami ƙofa ta biyu da zai ƙwanƙwasa, kuma wadda ta riga zuwa da littafi ita za ta kwashe. Gargaɗinmu ga sabon shiga shi ne kada tsoron faɗuwa ya sa shi cika kwando da waɗanda wasu suka sallama. Ƙasar nan ta ga ƙungiyoyi sun tashi sun ɗauki kofi sun ɓace: Raccah Rovers ta nan Kano ta ci gasa a 1978, Leventis United ta Ibadan ta ci a 1986, yau sai dai a ba da labarinsu.

Roƙonmu ga hukumar gudanarwar Pillars bai da yawa. Ran da za a gabatar da sababbin 'yan wasa, ban da ɗaga riga da ɗaukar hoto, a raba takarda guda ɗaya mai nuna shekarun kowane, da gurbin da aka ɗauko shi ya cike, da tsawon wa'adinsa, da abin da aka biya da wanda aka biya. A bayan takardar a rubuta waɗanda suka tafi, da nawa kowannensu ya shigo da shi asusun ƙungiya, da kuma adadin waɗanda suka hauro daga ƙaramar Pillars ko daga gasannin ƙananan hukumomi. In hukumar ta ga wannan ya yi mata nauyi, to, ɗan majalisar da yake wakiltar Bici a Majalisar Dokokin Jiha shi ya kamata ya miƙe ya nemi takardar ran da aka kawo kasafin kuɗin wasanni, kafin a ɗaga hannu.